Mai Horarwa Ko Mai Ceton Rai?

Sau da yawa suna kan yaudari mai fassara. Wanda Amurkawa ke kira mai horar da 'yan wasa ba koci ba ne. Ma'aikacin lafiya ne da ke rigakafin rauni da kai ɗaukin gaggawa a fili.

Tun daga shekarar 2022, hukumar CAATE mai tantance kwasa-kwasan fannin ta hana ɗaukar sababbin ɗalibai a matakin digirin farko; sai dai digiri na biyu. Wajibi ne mai neman gurbi ya riga ya ci darussan ilimin halittu, sinadarai, fiziks, halayyar ɗan Adam, ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi. Sai shekara biyu na karatu haɗe da koyon aiki a asibitoci da filayen wasa, sannan jarrabawar hukumar BOC.

Ko sharuɗɗan sun yi tsauri? A Janairun 2023 zuciyar Damar Hamlin ta tsaya ana tsaka da wasa a Cincinnati. Irin waɗannan ma'aikata na cikin waɗanda suka farfaɗo da shi. Mu kuwa har gobe muna juyayin Samuel Okwaraji, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas a 1989, bai sake tashi ba. Ƙalubale gare ku, jami'o'inmu.