A Bar Yaron Ya Yi Magana da Bakinsa

Daga ƙarshen watan Yuli, bayan an kammala jarrabawar WAEC da NECO, gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Katsina kan cika da samari da 'yan mata masu shekara 16 zuwa 18 da suka ajiye littafi, ba su kuma san ranar sake ɗaukarsa ba. Wanda ya rubuta JAMB yana jiran gurbi, jiran nan kuwa kan ci watanni, wani lokaci ya zarce shekara. A wannan tsakanin ne yaro ke fara neman ɗan aikin da zai riƙa shiga na wasu sa'o'i: zaman rumfar POS, tsaron shagon kayan masarufi, sayar da caja da murfin waya a kasuwar Farm Centre, buga takardu a shagon kwamfuta, ko koyar da ƙananan yara darasin yamma.

A al'adarmu irin wannan aiki ba ya buƙatar wata ganawa. Uba ko kawu ne zai kai yaro wurin maigida a Kantin Kwari ko kasuwar Singa, ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan, amana ce." A yi addu'a a shafa, yaron bai ce uffan ba. Har gobe ana yin haka, kuma tsari ne mai daraja. Sai dai wuraren aiki sun sauya. Mai babban kanti, ko mai gidan burodi, ko matashin da ke da rumfunan POS a unguwanni daban-daban, bai san mahaifin kowa ba. Zai zaunar da yaro ne ya yi masa intabiyu, kuma abin da ya ji daga bakinsa a 'yan mintoci shi zai yanke hukunci a kai.

A nan ne yaranmu da yawa ke faɗuwa, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. Mun tarbiyyantar da su a kan kada su haɗa ido da babba, kada su ɗaga murya, kada su yabi kansu. Tarbiyya ce mai kyau, ba na kuma son a taɓa ta. Amma yaron da aka tambaye shi abin da ya iya, ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu, ya amsa da "ba komai" cikin muryar da ba ta fita, mai shago ba zai fassara wannan da ladabi ba. Tambayar da zai yi wa kansa ita ce: wannan zai iya ce wa kwastoma mai faɗa kuɗinsa bai shigo ba? Ladabi daban, rashin iya bayani daban, kuma aikin iyaye ne su nuna wa yaro inda iyakar take. Ya yi sallama, ya gaisa da rusunawa, ya jira a ba shi wurin zama. Bayan nan ya ɗago kai, ya faɗi sunansa da unguwarsu da makarantar da ya gama, da muryar da za a ji ba sai an ce ya maimaita ba.

Wannan ba ya samuwa da nasiha kawai, sai an gwada. Kuma gwajin ya fi amfani idan ba uwa ko uba ne suka yi shi ba, domin a gabansu ko dai kunya ta hana yaro magana ko abin ya koma dariya. A samu kawu, ko wata gwaggo mai sana'a, ko maƙwabci ɗan kasuwa da yaron ke jin nauyinsa, ya zauna a matsayin mai ɗaukar aiki ya yi masa tambayoyi ba sassauci.

Tambayar da ta fi rikita matashi ita ce ta ƙwarewa, tunda a ganinsa bai taɓa yin aiki ba. Sau da yawa kuwa ya yi, bai dai san sunansa aiki ba ne. Yarinyar da ke rubuta wa mahaifiyarta bashin masu sayen zoɓo da kunun aya ta san riƙe lissafi. Yaron da ya yi shekara yana karɓar kuɗin ƙungiyar ɗalibai a Islamiyya, ba a taɓa samun giɓi ba, yana da shaidar amana. A taimaka masa ya tuno irin waɗannan, ya iya faɗarsu a jimla biyu ko uku. Cewa "ni mai gaskiya ne" kowa na iya faɗa. Cewa "ni ke rufe shagon yayana idan ya yi tafiya, in kai masa ciniki da dare" ita ce ke shiga kunnen mai dukiya.

A kuma gwada shi a lissafin baki. An sayi kayan naira 3,650, an ba da 5,000, nawa ne canji? Wanda zai zauna a rumfar POS ya san cewa saƙon da kwastoma ya nuna a wayarsa ba hujja ba ce. Ba a miƙa kuɗi sai an ga shigarsu a na'ura ko a asusun shago, domin alat na bogi ya jefa yara da yawa cikin bashin da ba su ci ba. Idan aka tambaye shi abin da bai sani ba, amsar da ta fi ita ce, "Yallaɓai, ban taɓa yi ba, amma idan aka nuna mini zan iya." Haka nan idan yana jiran gurbin karatu, ya faɗa tun farko. Wasu iyaye kan ce ya ɓoye don kada a ƙi ɗaukarsa, ni kuwa ina ganin koya wa yaro fara neman halaliyarsa da ɓoye gaskiya ya fi rasa aikin muni.

Sauran shirin ba shi da wuya: tufafi masu tsabta ko da ba sababbi ba ne, isa wurin kafin lokaci, waya a kashe cikin aljihu. Ya riƙe kwafin takardar NIN, da na sakamakon jarrabawa ko shaidar kammala makaranta, da hotuna ƙanana. Yawancin masu shago za su nemi wanda zai tsaya masa, don haka a nemi yardar mutumin tun kafin a ambaci sunansa.

Akwai ɓangaren da aka fi sakaci da shi: yaron ma yana da tambayoyi. Nawa za a biya, kuma yaushe? Ƙarfe nawa ake buɗewa da tashi, akwai lokacin salla da cin abinci? Idan aka samu giɓi a ciniki, wa zai ɗauka? Kunya kan hana a yi wannan magana, sai ƙarshen wata ya zo a ce an cire rabin kuɗin saboda kaya sun ɓata. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafi masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i ba, bai kuma shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka abin da aka yi yarjejeniya a kai shi ne kaɗai madogara, gara a rubuta shi ko a faɗe shi a gaban shaida. Amma Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta bar yara haka ba. Ta hana sa wanda bai kai shekara 16 ba aiki fiye da awa 8 a rana, ko fiye da awa 4 a jere, ta hana sa shi aiki da injin masana'anta, ta kuma hana sa wanda bai kai 18 ba aikin dare in ban da wasu keɓantattun ayyuka. Ta kuma ce mai ɗaukar aiki ba shi da ikon yanke albashi saboda asara yadda ya ga dama. Masu shago da yawa ba su san da waɗannan tanade-tanade ba, iyaye ma haka, shi ya sa ya kamata a faɗe su cikin mutunci tun ranar farko.

Binciken wurin kuwa nauyin manya ne, musamman idan 'ya mace ce. A je a ga shagon da ido, a tambayi maƙwabtansa halin mai shi, a san su waye za ta yi aiki tare da su da yadda za ta dawo gida. Intabiyun da aka ce a zo otal ko wani gida, ko bayan magariba, ba a zuwa. Wanda ya nemi kuɗin fom, ko ya ce a bar masa takardun asali, ko ya nemi lambar BVN da lambar sirrin da banki ke turowa, a rabu da shi nan take. Tallace-tallacen aiki da ke yawo a WhatsApp da Facebook suna buƙatar wannan tantancewa fiye da kowanne.

Ranar ganawar, babu laifi babba ya raka yaro har ƙofa, ya gaisa da mai wurin idan an buƙata, sannan ya fita ya jira a waje. Idan ya zauna a ciki, shi za a riƙa kallo, shi zai riƙa amsawa, mai shagon kuma zai tashi bai san wanda zai bar wa dukiyarsa ba. Idan ba a ɗauki yaron ba, a tambaye shi wace tambaya ce ta fi ba shi wahala, a koma wurin kawun a sake gwada ta kafin a nemi wani shagon.