Ɗafa-goshin "miso-" a kalmomin Ingilishi

A Girkanci, kalmar "misos" na nufin ƙiyayya. Daga gare ta Ingilishi ya samo ɗafa-goshin "miso-", kamar a "misogyny", ƙin mata, da "misogamy", ƙin aure. Idan saiwar ta fara da wasali, sai "o" ya faɗi: "misandry", ƙin maza, "misanthrope", mai ƙin mutane, kalmar da masu karatun Faransanci suka sani daga wasan kwaikwayon Molière na 1666.

A nan ɗalibi kan ruɗe, domin wannan "mis-" ya yi kama da na "mislead", wanda gadon tsohon Ingilishi ne mai nuna kuskure. Gwajin mai sauƙi ne: a cire shi daga "mislead", "lead" za ta tsaya da ƙafarta, "andry" kuwa ba kalma ba ce a Ingilishi.