Mai Babur da Taswirar Cikin Waya

Lokacin fita koyarwar gwaji ya ƙarato, kowa kuwa ya sani ba dukanmu za a bari a makarantun bakin titi ba. Waɗansu za a tura su ƙauyukan Kwali da Abaji, waɗansu Kuje, waɗansu can bayan Bwari, inda babu abin hawa sai babur, ko naka ko na haya. Na lura yawancinmu yanzu ba mu cika tambayar hanya ba, sai mu zaro waya mu buɗe taswira, mu bi muryar nan mai cewa a yi dama, a yi hagu. Don haka na ga ya kamata in ɗan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda abin nan yake aiki, gama wanda ya san iyakar sanin jagoransa shi ya san inda zai amince masa, da inda zai tsaya ya duba da idonsa.

Da fari sai mu raba abu biyu da mutane kan haɗa. Akwai sanin inda kake, akwai kuma sanin hanya. Na farkon aikin taurarin ɗan'adam ne. Na biyun aikin taswira ne, ita kuwa mutane suka zana ta.

Taurarin da aka fi sani su ne na Amurka, waɗanda ake kira GPS. Sojan ƙasar ne suka ƙago su don aikin kansu. An harba na farko cikin 1978, aikin bai kammala ba sai 1995. Ana bukatar 24 aƙalla, amma masu aiki sun kai wajen 30, suna shawagi kamar kilomita 20,200 bisa kanmu, ko wanne yana kewaya duniya sau biyu cikin kwana guda. Ko wane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidai, ba shi kuwa da wani aiki dare da rana sai shela ta rediyo: ni ne wane, ga inda nake, ga ƙarfe nawa. Wayarka ba ta mayar masa da amsa, saurare kaɗai take yi. Saƙon yana tafiya da saurin haske, watau kilomita 300,000 cikin daƙiƙa guda. To, in waya ta gwada lokacin da aka aiko shi da lokacin da ya iso, sai ta lissafta nisan da ke tsakaninta da tauraron.

Wannan abu ne da malami zai iya nuna wa yara a filin wasa ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ka ɓoye ɗan dutse cikin ciyawa, ka tsai da yara uku a wurare dabam dabam, ka ba ko wanne igiya mai tsawon nisansa da dutsen. Igiya ɗaya za ta zana da'ira, ba ta faɗi kome ba tukuna. Igiya biyu za su gamu a wuri biyu. Ta uku ita za ta raba gardama, ta nuna wuri guda tak. A sama ana bukatar taurari huɗu, domin agogon waya ba abin dogara ba ne. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya kawar da mutum mita 300 daga inda yake, na huɗun shi ke gyara agogon.

Dā can da gangan Amurka take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskure ya kan kai mita 100. An daina haka cikin watan Mayu na 2000. Yanzu Rasha da Turai da Sin duk suna da nasu taurarin, yawancin wayoyi kuma suna sauraron fiye da iri ɗaya, har a fili mai sarari kuskure ya kan sauko wajen mita biyar. Wannan saurare ba ya cin data, gajimare da hazo kuma ba su tare shi. Abin da ke dame shi shi ne rufi, da ƙarƙashin gada, da dogayen benaye, da gindin manyan duwatsu, inda saƙon ke bugun bango ya dawo a makare.

Mai karatu zai ce, mita biyar har wani abu ne? A hanyar ƙauye ba kome ba ne, amma a Abuja abu ne babba. Dubi babbar hanyar Kubwa, ko ta filin jirgin sama mai ratsa Lugbe: akwai manyan layuka a tsakiya, akwai ƙanana a gefe, tsakaninsu 'yan taku ne kawai. Sau da yawa waya ba ta iya rarrabe ko kana cikin na tsakiya ko na gefe, ko kana bisa gadar sama ko ƙarƙashinta. Sai ta ce ka karkata bayan ka riga ka wuce mafita, ko ta ce ka yi kwana inda shinge ya tare. A irin waɗannan hanyoyi wanda ya wuce mafitarsa sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami wurin juyawa. Nan ne zuciya ke raya wa mai babur ya taka birki farat ɗaya, ko ya juyo ya bi hannun da ba nasa ba yana fuskantar motoci. Kada ka yarda. In ka wuce, ka wuce. Waya za ta sake lissafi ta ba ka wata hanya, asararka ba ta fi ɗan mai da minti biyar ba.

Sai kuma taswira. Abuja gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. An yi dokar kafa shi ran 3 ga Fabrairu 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, gwamnati ta tare a cikinsa ran 12 ga Disamba 1991. Saboda haka cikin birni ko wane titi da sunansa. Maitama tana da titunan da aka ba sunayen koguna, irin su Nilu da Amazon, Asokoro tana da na shugabanni, irin su Kwame Nkrumah da Julius Nyerere. A nan taswira gwana ce, ta ma fi yawancin mazauna garin, waɗanda ba su san sunan titi ba sai dai su ce maka Baja, ko A.Y.A., ko Eriya Wan. Cikin Yuli na 2019 kamfanin Google ya ƙara wa taswirarsa ta Nijeriya sashe na masu babur, da murya mai Turanci irin na mutanen ƙasar nan. Launin ja da kore da take shafa wa hanya don nuna cunkoso kuwa, daga wayoyin sauran matafiya take samo shi: in ta ga duk sun rage gudu a Nyanya da safe, sai ta shafa ja.

Amma fa da ka bar kwalta labari ya sāke. Lungunan Mpape da Karmo da Gwagwa ba a takarda aka fara su ba, da yawansu ba su da suna, balle turbar ƙauye wadda manoma da shanu suka fitar. Wani lokaci a ga layi a taswira, a je a tarar an yi gini a kai. Wani lokaci hanyar tana nan, amma ta rani ce. Daga Afrilu zuwa Oktoba rafin da ka tsallake da safe ƙafa ba ta jiƙe ba ya kan kawo iyakar ƙirji da la'asar, taswira kuwa ba ta san an yi ruwa a kan tudu ba. Ko cikin gari ma mutanen Lokogoma da Lugbe sun san wannan. Har wa yau ita gajerta da sauri take aunawa, ba ta auna ko hanyar da ta zaɓa maka daji ne da ba a bi bayan magariba.

A lura kuma da sunaye masu kama da juna. Gwagwa dabam, Gwagwalada dabam. Akwai Dutse a hanyar Bwari, akwai Dutse babban birnin Jihar Jigawa. Kafin ka tashi, dubi nisan da waya ta rubuta, ka tambayi kanka ko ya yi kama da gaskiya.

Kada kuma ka ɗauka taswira za ta tsare maka doka. Tun ran 1 ga Oktoba 2006, zamanin ministan Abuja Malam Nasiru el-Rufa'i, aka hana achaɓa cikin birni. In ɗan achaɓa ya ɗauko ka ya tsaya a iyaka ya ce nan ya ƙare, kada ka nuna masa shuɗin layin da ke cikin wayarka ka matsa masa, gama in an kama, babur ɗinsa ne zai tafi, kai kuwa ka kama gabanka. Mai babur na kansa ya riƙe takardunsa a jiki, da hular kwano a ka, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta tun ran 1 ga Janairu 2009. Taɓa waya ana cikin tuƙi shi ma laifi ne mai tara a wurin hukumar.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damuna. Direban mota yana zaune cikin akwatin ƙarfe bisa ƙafa huɗu. Mai babur kuwa hannunsa na dama yana kan totur da birkin gaba, na hagu yana kan kuloci in babur mai shi ne, jikinsa duka yana aikin daidaita nauyi. Ba shi da hannun da ya rage, ba shi da idon aro. Mu yi lissafi irin na aji biyar. Mai gudun kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 ko wace daƙiƙa. In ya sunkuyar da kai daƙiƙa uku yana neman inda kibiya ta nufa, ya yi mita 50 ke nan a makance, watau rabin filin ƙwallo. Cikin rabin filin ƙwallo akwai wurin rami, akwai wurin akuya, akwai wurin yaron makaranta da ya sheƙo daga bayan mota. Da tsakar rana ma daƙiƙa uku ba su isa ba, don haske yana kashe fuskar waya. Na kan ga masu kai saƙo cikin gari riƙe da waya a hannun hagu suna tuƙi da ɗaya, raina ya tashi, ko da yake na san mai jiran kaya ne ke ta kiransu.

A ganina amfanin taswira mafi girma yana kafin a tā da babur. Zauna ka bi hanyar da ido daga farko har ƙarshe, ka ƙirga kwanoni, ka riƙe alamu uku ko huɗu a ka, kamar gada, da kasuwa, da gidan mai. Sauke taswirar yankin cikin waya tun kana inda akwai sabis, domin taurari suna ko'ina amma data ba ta ko'ina. Bisa hanya ka bar wa kunne aikin: sa abin sauraro a kunne ɗaya, ɗayan ka bar shi don ham ɗin mota. In ka rikice, sauka gefe sosai, ka kafa ƙafa, sa'an nan ka duba. Mai son maƙala waya a kan babur ya nemi maƙali mai ƙarfi mai roba, ya kuma sani rana tana zafafa ta har ta dushe, batir ya zube. Kamfanin Apple ma ya yi gargaɗi cikin 2021 cewa jijjigar injin babur tana iya lalata kyamarar wayoyinsa. Ga kuma masu fizge a wurin cunkoso. Aljihun ƙirji da leda sun fi mini kwanciyar rai.

Wanda aka goya shi ya fi dacewa ya riƙe waya, amma ya faɗi kwana tun da nisa, kada ya miƙo ta gaban fuskar mai tuƙi. In kuwa ɗan achaɓan garin ya ce, "Malam, can ba ta biyuwa yau," ka bi maganarsa. Shi ya bi ta da safe.

Ran da ka isa makarantar da aka tura ka, tsaya daidai bakin ƙofa, a fili, ka danna wurin cikin taswira ka adana shi, sa'an nan ka aika wa malamin da zai zo duba aikinka. In makarantar ba ta cikin taswira, akwai wurin da ake ƙara sabon wuri, ka sa ta da sunanta daidai. Amma kada ka aika ɗigon shi kaɗai. Haɗa da kalmomi biyu uku: a sauka a wace mararraba, a bar rijiyar burtsatse a wane hannu, da ta inda za a zaga in an kwana ana ruwa.