Digirin Bayomedikal: Kafin Ka Cike Fom, Zo Mu Yi Lissafi

Duk shekara, da zarar JAMB ta buɗe fom na shiga jami'a kai-tsaye, sai ka ji 'yan ND II na sashen lantarki da na kanikanci suna ta ambaton kwas guda: bayomedikal, wato injiniyancin na'urorin asibiti. Wai ga sunan injiniya, ga ƙamshin likitanci, ga albashin dala. Ni ma ina ajin ƙarshe, kuma shawarar nan tana gabana kamar yadda take gaban da yawa daga cikinku. Shi ya sa na ga ya dace mu baje lissafin a faifai, kada a yi cinikin biri a sama da kuɗin iyaye.

Mu fara da lokaci, domin shi ne kuɗin da ba a gani a rasit. Digirin injiniya a Najeriya shekara 5 ne. Mai ND yana shiga aji biyu, ke nan saura masa shekara 4. Wanda ya tsaya a hanyarmu ta poli kuwa zai yi shekara 1 ta sanin makamar aiki, sannan shekara 2 ta HND. A takarda bambancin shekara 1 ne kacal. Amma fa mai HND yana da shekara guda a wurin aiki, inda yake koyon sana'a da hannunsa, wani lokaci har da ɗan alawus. Sannan kalandar makaranta ba ta da tabbas: yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, ko da yake mu ma ASUP takan tsayar da mu.

Yanzu mu sa wa lokacin farashi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara. Mai ND da ya iya samun ko da wannan ne, idan ya ajiye ya tafi jami'a shekara 4, ya bar naira 3,360,000 ke nan. A kan wannan za ka ɗora kuɗin rajista, ɗaki, abinci da mota. Kuma jami'o'in da aka fi sani da kwas ɗin, irin su ta Ilori da ta Legas, ga wanda ya taso daga Kano ko Sakkwato ba nan kusa ba ne. Bashin NELFUND yana rage nauyi, tunda babu ruwa a kansa, amma bashi sunansa bashi: shekara 2 bayan hidimar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashinka.

To, me za ka samu a madadin wannan? Nan ne ake yawan ruɗa mu. Albashin da muke gani a intanet na Amurka ne da Turai, inda kamfanoni irin su GE HealthCare, Siemens Healthineers da Philips suke ɗaukar injiniyoyi su zana sababbin na'urori su gwada su. Mu nan mafi yawan kayan asibitinmu shigo da su ake yi. Saboda haka aikin da ke ƙasa shi ne girkawa, duba lafiyar na'ura, saita ta, gyara, da tallata kaya ga asibitoci.

Wannan aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Wani bincike da masana na Jami'ar Duke suka fitar a 2011, a kan na'urori sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya gano kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Manyan dalilan su ne ƙarancin horo, rashin tsarin kula da kaya, da matsalar abubuwa irin su wutar lantarki. Mu da muke arewa mun san sauran: wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona bangaren da ke ba na'ura wuta, ƙurar hunturu ta toshe matatar injin oksijin, batir ya mutu a rasa mai canzawa. Tun da aka saki naira a 2023, sayen sabuwar na'ura ya ƙara tsada, don haka mai iya tayar da tsohuwa ya ƙara daraja. Sai dai ku lura, injin wankin ƙoda ko kwalbar jarirai ba ruwansu da takardarka. Wanda ya iya karanta zanen waya, ya iya mita da dalma, shi za a kira, ko digiri gare shi ko difloma.

Ina digirin yake biyan kuɗinsa ke nan? Wuri uku na gani. Na farko aikin gwamnati. A tsarin da ake bi, mai HND yakan tsaya a mataki na 14 sai ya ƙaro karatu, mai digiri kuwa yana iya kaiwa 17. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma ba a sa masa hannu ba. Na biyu rajistar COREN: mai digiri ne yake kan hanyar kai-tsaye ta zama injiniya, mai HND ajin masu fasaha ake sa shi. Na uku, digiri na biyu da neman aiki a waje sun fi sauƙi ga mai digiri. Idan burinka shugabancin sashen na'urori a asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika ne, ko koyarwa a jami'a, to shekarun nan 4 jari ne.

Akwai kuma wata tambaya da ba a cika yi ba: dole ne sai digirin ya zama bayomedikal? Mai digirin lantarki yana iya shiga aikin asibiti bayan ɗan horo, kuma idan bai samu ba, ga kamfanonin sadarwa, ga masu raba wuta, ga harkar sola. Mai bayomedikal ƙofofinsa sun fi ƙanƙanta, domin sashen na'urori a asibiti ba ya ɗaukar mutane da yawa, kuma gurbi ba kullum yake buɗewa ba.

Ga yadda ni nake shirin yi, ko wani zai amfana. Shekarar sanin makamar aiki zan neme ta a sashen na'urori na asibiti, ko wurin dillalan kayan asibiti. A can zan tambayi ma'aikata abu uku: da wace takarda suka shiga, nawa suka fara ɗauka, kuma yaushe rabon da a ɗauki sabon ma'aikaci. Gani ya kori ji. Bayan nan sai in ɗauki jimillar abin da digirin zai ci, in raba da ƙarin da zai kawo mini a albashin wata. Adadin watannin da ya fito, shi ne tsawon lokacin da zan yi kafin in maido uwar kuɗi.

Kai ma ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa, ku yi naku lissafin da alƙaluman gidanku. Wanda ƙannensa ke jiran ya fara kawo cefane, amsarsa ba za ta zama ɗaya da ta wanda mahaifinsa zai iya riƙe shi shekara 4 ba. Fom ba ya gudu. Bayan HND ma ana iya shiga jami'a kai-tsaye, kuma a lokacin da sana'arka a hannu.