Tsatsar Bututun Birki: Jan Kunne Ga Fatake Da Dillalai

Ya ku 'yan kasuwa, kaka ta yi, motoci sun fara jigilar hatsi daga ƙauyuka zuwa Dawanau. Mu kan tsaya ciniki a kan farashin buhu da kuɗin dako, amma ba kasafai mu kan leƙa ƙarƙashin motar da za ta ɗauki dukiyarmu ba. To, a can ne bututun birki yake, ɗan siririn ƙarfe wanda kaurinsa bai kai na fensir ba. Shi ke kai man birki ga ƙafafu. In ya huje, direba ya taka birki ya ji wayam, ga lodi, ga gangara.

Tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, har yau kuwa akwai tsofaffin akori-kura masu fatauci. Ruwan damina da laka su kan ci bututunsu. Motar da ke dakon gishiri, kanwa ko takin zamani ta fi saurin tsatsa. Haka nan motocin Beljiyam, don a Turai a kan watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara.

Ga yadda za a gane. A taka birki da ƙarfi a riƙe. In ya rinƙa nutsewa sannu sannu, ko man birki na raguwa a kwalbarsa, akwai matsala. Sai bakanike ya shiga rami ya bi bututun, musamman gindin maƙalai da saman tankin mai, inda laka ke kwana.

Gyara ɗaya ne: a cire ruɓaɓɓen, a sa sabo. Yawancin ƙananan motoci na milimita 4.75 suke ci. Na ƙarfe ya yi, amma na jan ƙarfe gauraye da nikel ba ya tsatsa, ga sauƙin lanƙwasa. A buɗa bakinsa da na'urar yin haka, a ɗaure noti, a mai da maƙalai. Daga nan a zuba sabon mai, DOT 3 ko DOT 4, wanda motar ke sha, a fitar da iska ƙafa ƙafa, galibi daga wadda ta fi nesa da masta.

Kada a yarda da ɗaurin roba ko liƙi da dalma. Kada a toshe layin ƙafa guda wai don a ƙarasa kasuwa. Ruwan omo kuma ba man birki ba ne, tsatsa ya ke ƙarawa daga ciki. Shi kansa man ya kan sha danshi, saboda haka a canja shi duk shekara 2.

Dillalan mota, ku faɗa wa mai saye gaskiya, a rage kuɗin gyara a cikin ciniki. Ku kuma fatake, kafin a yi lodi ku tambayi direba yaushe rabonsa da duba birki. Kuɗin bututu bai kai asarar lodi guda ba, balle rai. Araha ba ta ado.