Yadda Maganar Allah Ta Shigo Harshen Gida

Idan muka tsaya a tashar Upper Iweka a Onitsha da safe, za mu ji Igbo, mu ji Hausa, mu kuma ji Ngas da Bajju a bakin masu sauke kaya. To, da wane harshe Allah yake magana da mu?

Shekara ɗari biyar da suka wuce mutanen Turai sun yi wannan tambaya. A lokacin, da Latinanci ake sujada, manomi kuwa ba ya jin Latinanci. Sai aka sami waɗansu masana, da fari a Italiya, waɗanda suka ce a koma tushe, a karanta tsofaffin littattafai cikin harshensu na asali, domin Allah ya ba ɗan Adam hankalin bincike. Ɗaya daga cikinsu, Erasmus mutumin Holan, ya buga Sabon Alkawari da Helenanci a 1516. Injin ɗab'i na Gutenberg, wanda ya fara aiki wajen 1450, ya sa littafi ya yi araha.

A 1517 Martin Luther ya yi ƙorafi a kan sayar da takardun gafara. A 1522 ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. William Tyndale ya yi na Turanci a 1526, aka kashe shi a 1536. Daga nan makarantu suka yawaita, har 'yan mata suka koyi karatu. Amma kada mu ɓoye gaskiya: ikilisiya ta rabu, jini ya zuba, yaƙi guda ya ci shekara 30, daga 1618 zuwa 1648. Gyara ba tare da ƙauna ba yakan bar tabo.

Wannan aiki ya iso bakin Kwara. A 1857 Samuel Ajayi Crowther da John Taylor suka kafa mishan a Onitsha. A shekarun nan ne kuma wani Bajamushe, Schön, ya soma juya Bishara zuwa Hausa da taimakon wani yaro Bahaushe, Dorugu. Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka ci gaba, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932.

Ga inda zancen ya taɓa mu. Hausa ta haɗa mu a sujada, mun gode Allah. Amma idan kaka a gida ba ta jin ta sosai, ko yaran da aka haifa a Kudu suna jin Turanci kaɗai, ashe Hausa ta zama musu Latinanci. Ayyukan Manzanni sura 2 ta nuna mana cewa ranar Fentikos kowa ya ji saƙon da harshen garinsu.

Saboda haka, a daren nan idan an karanta aya, bari uba ko uwa su maimaita ta da harshen gida, a bar yara su yi tambaya. Ubangiji ya taimake mu. Amin.