Fasfon Afirka a Bakin Ƙofa: Dalilan Tsaurara Biza da Abin da Take Haifarwa

Fasfo takarda ce da gwamnati ke bai wa ɗan ƙasarta domin ta shaida wa duniya ko shi wane ne. Biza kuwa izini ne da ƙasar da za a shiga ke bayarwa in ta ga dama. A tsakanin waɗannan takardu biyu ne tafiyar mafi yawan 'yan Afirka ke maƙalewa. A jadawalin da kamfanin Henley ke fitarwa kowace shekara, mai fasfon Singafo na iya shiga wurare fiye da 190 ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba, alhali mai fasfon Najeriya bai kai 50 ba. A duk nahiyar, tsibiran Seshels da Morishiyos ne kawai ke da wajen 150, sai Afirka ta Kudu da ta ɗan haura 100.

Ba haka abin yake ba tun asali. Har zuwa tsakiyar shekarun 1980, ɗan Najeriya ko ɗan Gana mai zuwa ziyara Birtaniya ba ya buƙatar biza kafin ya hau jirgi, haka ma 'yan ƙasashe da dama da Faransa ta yi wa mulkin mallaka idan za su je Faransa. A 1986 Birtaniya ta sanar da wajabta biza a kan 'yan Najeriya da Gana da Indiya da Pakistan da Bangaladash. A shekarar ce kuma Faransa ta wajabta ta a kan kusan kowa in ban da maƙwabtanta na Turai, bayan tashin bama-bamai a Paris. Italiya ta bi sahu a 1990 a kan 'yan arewacin Afirka, Sifaniya a 1991. Da yarjejeniyar Shengen, wadda aka sa wa hannu a 1985, ta fara aiki a 1995, sai ƙasashen Turai suka rushe shingayen da ke tsakaninsu, suka tara ƙarfinsu a kan ƙofar waje. Yau ƙasashe 29 ne ke cikin wannan tsari.

Ana fahimtar nauyin tsarin ne idan aka duba abin da mai nema ke tarawa. Ɗan kasuwar da ke son zuwa baje kolin injuna a Jamus zai kai fasfo mai shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, wanda zai ƙara wata uku yana aiki bayan ranar dawowarsa. Zai haɗa da inshorar lafiya ta yuro 30,000, da bayanan asusun banki na watannin baya, da shaidar masauki da ta kujerar jirgi, da takardar gayyata, da shaidar sana'a. Zai bar Kano ko Sakkwato ya tafi Abuja ko Legas a ɗauki hoton yatsunsa, galibi a ofishin wani kamfani mai zaman kansa irin su VFS Global ko TLScontact, waɗanda su ma suna da nasu kuɗin aiki. Kuɗin bizar kanta ya tashi daga yuro 80 zuwa 90 a watan Yunin 2024. A Nijar wannan ya kai sefa dubu 59. A Najeriya kuwa, bayan faɗuwar naira, ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 sau biyu. In an hana shi, za a mayar masa da fasfonsa haɗe da takarda guda da aka yi wa alama a wani gurbi, yawanci gurbin da ke cewa ana shakkar zai koma gida. Kuɗin kuwa ya tafi ke nan. A ofishin jakadancin Amurka, inda kuɗin bizar ziyara ya kai dala 185, hirar ba ta wuce 'yan mintoci a bayan gilashi, kuma doka ta ɗora wa jami'in ya ɗauka cewa mai nema zama zai yi, har sai ya kawo hujjar da ta nuna akasin haka.

Akwai wani rashin daidaito a nan da ba a cika magana a kansa ba. Hujjar da ake nema ta mai albashi ce: takardar biyan kuɗin wata, asusun banki mai shiga da fita a tsare, takardar mallakar gida, takardar aure daga rajista. Dukiyar babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Dawanau tana cikin kaya ne da bashin da yake bin abokan ciniki da gonaki da dabbobi, aurensa kuma a gaban liman da shaidu aka ɗaura shi. Mutumin da ke ciyar da gida mai mutum talatin, wanda ko mako biyu ba zai iya barin shagonsa ba, yakan bayyana a takarda tamkar wanda ba shi da abin da zai dawo dominsa.

Alƙaluma sun nuna girman abin. A 2022 an hana kusan kashi 30 cikin ɗari na 'yan Afirka da suka nemi bizar Shengen, yayin da matsakaicin duniya bai kai kashi 18 ba. A Aljeriya da Gini Bisau da Najeriya adadin ya kai wajen kashi 45, Gana da Senegal na biye. Tun a 2019 wani rahoton 'yan majalisar Birtaniya ya gano cewa yiwuwar a hana ɗan Afirka bizar ziyara ta ninka ta mutanen sauran nahiyoyi fiye da sau biyu.

Dalili na farko da ƙasashen ke bayarwa shi ne wuce wa'adi, kuma ba ƙarya ba ne. Akwai masu shiga da bizar ziyara ko ta karatu su ɓace. Hausawa sun san wannan tun kafin a fara maganar Turai, domin 'yan tikari da suka shiga Saudiyya da bizar Umara suka zauna shekara da shekaru sun taimaka wajen jawo tsauraran sharuɗɗan da halastaccen maniyyaci ke fuskanta yau. Muddin albashin wata guda a can ya fi na shekara a nan, za a samu masu zama. Illar ita ce hukuncin ba ya sauka a kan wanda ya yi laifin. Yana sauka ne a kan duk mai ɗauke da fasfo irin nasa.

Siyasar cikin gida ta ƙara wa wutar fetur. Tun daga 2015, lokacin da mutum fiye da miliyan ɗaya suka shiga Turai ta teku, akasarinsu daga Siriya da Afganistan da Iraƙi, batun baƙi ya zama abin cin zaɓe, kuma babu ɗan siyasar da ke asarar ƙuri'a don ya hana ɗan Afirka biza. Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban waje zuwa da iyalansu daga Janairun 2024, matakin da ya fi taɓa 'yan Najeriya da Indiya. A Yunin 2025 Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan ƙasashe 12, bakwai daga cikinsu na Afirka, har da Chadi da Sudan. Wata guda bayan haka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya da Kamaru ta shiga sau ɗaya cikin wata uku, sannan ta fara neman jinginar kuɗi har dala 15,000 daga wasu 'yan Malawi da Zambiya.

Wani dalilin da ya fi waɗannan fitowa fili shi ne yadda biza ta koma sandar matsa wa gwamnatoci. A Satumban 2021 Faransa ta rage bizar 'yan Aljeriya da Maroko da rabi, ta 'yan Tunisiya da kashi 30, tana mai cewa gwamnatocinsu sun ƙi karɓar mutanensu da aka kora. Tarayyar Turai ta rubuta irin wannan mataki a cikin dokarta ta biza, ta yi amfani da shi a kan Gambiya a 2021, da Habasha a 2024, inda lokacin duba takardu ya tashi daga kwana 15 zuwa 45. Malamin jami'a a Addis Ababa ba shi da hannu a rigimar gwamnatoci biyu, amma shi ne ke kwana a layi.

Gida ma yana da nasa kason laifin. Rajistar haihuwa ba ta kai ko'ina ba, ana canja shekaru da sunaye da takardar rantsuwa a kotu, kuma akwai ejan-ejan da ke ƙirƙiro bayanan banki da takardun gayyata su sayar wa wanda bai san hatsarin abin ba. Kowace takardar jabu da aka kama tana rage darajar ta gaskiya da za ta biyo bayanta. Ƙasar da ba a yarda da takardunta ba, kuma ba ta da ƙarfin tattalin arzikin da za ta ce a yi mata yadda ta yi, da wuya ta samu sassauci a teburin ciniki.

Sakamako na farko kuɗi ne. Ƙididdigar da aka yi daga alƙaluman Tarayyar Turai ta nuna cewa a 2023 kaɗai 'yan Afirka sun yi asarar fiye da yuro miliyan 50 a kuɗin bizar da aka hana su, ban da kuɗin mota da masauki da inshora. Na biyu ilimi ne da murya: a babban taron duniya kan cutar ƙanjamau da aka yi a Montreal a 2022, wakilai da yawa daga Afirka, nahiyar da cutar ta fi yi wa ɓarna, ba su samu bizar Kanada ba. 'Yan kasuwar Kano sun ɗanɗana irin wannan lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza daga 2022 zuwa Yulin 2024, hanyar Dubai ta toshe.

Sakamako mafi muni shi ne wanda ya saɓa wa manufar tsarin kansa. Kafin 1991 'yan Maroko kan tsallaka Sifaniya su yi aikin gona na 'yan watanni su koma gida, tamkar yadda ɗan ci-rani ke sauka birni bayan girbi ya koma kafin shuka. Da aka sa biza, sai ƙananan jiragen ruwa suka fara ratsa mashigin Jibralta da dare, waɗanda suka samu shiga kuma suka daina komawa, don sun san in sun fita ba za su sake shiga ba. Masu nazarin ƙaura sun ga irin wannan a wurare da dama: tsananta biza na rage masu shiga, amma yana rage masu komawa ma. Wanda kuma ya san ba zai taɓa samu ba, ba ya ma zuwa ofishin jakadanci. Agadas da ke Nijar yake nufa, domin ya bi hanyar sahara. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 ta hana safarar baƙin haure, wadda aka soke a Nuwamban 2023, ba ta tsayar da tafiyar ba. Ta tura direbobi ne hanyoyin sahara da babu rijiya. A 2023 mutum fiye da 3,000 ne suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum. Masu kuɗi kuwa sun samo tasu mafitar, suna sayen zama ɗan ƙasa a tsibiran Karibiyan da dala dubu ɗari biyu ko fiye. Wanda tsarin ya fi matsewa shi ne na tsakiya: ɗalibi, malami, mara lafiya, ɗan kasuwa, uwa mai son halartar bikin kammala karatun ɗanta, wato mutanen da suka bi ƙa'ida suka zo da takardunsu.

Wasu ƙasashe sun fara ramawa. Chadi ta dakatar da bai wa Amurkawa biza a Yunin 2025, Namibiya kuma ta wajabta biza daga Afrilun shekarar a kan ƙasashen da ba sa yi wa 'yan ƙasarta sassauci. Akwai mutunci a cikin wannan, sai dai bai buɗe wa ɗan Chadi ko ɗan Namibiya wata ƙofa ba.

Ƙofar da ke hannun Afirka ita ce ta cikin gida, kuma a nan ne koken shugabanninta ke yin rauni. Alhazan da suka riƙa ratsa Chadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka, waɗanda zuriyarsu ke zaune a Maiwurno da wasu garuruwan Sudan har yau, sun fi jikokinsu 'yancin tafiya a nahiyar. ECOWAS ta yi abin a yaba tun 1979, da ta ba 'yan ƙasashenta izinin zaman kwana 90 ba biza, ko da yake matafiyi na biyan kuɗin da babu shi a doka a shingaye, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025 kuma ta jefa makomar tsarin cikin shakka. Benin da Gambiya da Ruwanda da Seshels sun buɗe wa kowane ɗan Afirka ƙofa. Amma ma'aunin da Bankin Raya Afirka ke fitarwa tun 2016 ya nuna har yanzu kusan rabin tafiye-tafiyen da ke tsakanin ƙasashen nahiyar sai da bizar da aka nema tun daga gida. A 2024 Aliko Ɗangote ya faɗa a Kigali cewa yana buƙatar biza 35 kafin ya zaga Afirka, abin da abokin kasuwancinsa mai fasfon Faransa ba ya buƙata. An ƙaddamar da fasfon Tarayyar Afirka a 2016, amma bai wuce hannun shugabanni da jami'an diflomasiyya ba. Yarjejeniyar 'yancin zirga-zirga da aka amince da ita a Addis Ababa a Janairun 2018 tana buƙatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki. Huɗu ne suka yi hakan: Mali da Nijar da Ruwanda da Sao Tome.